Intabiyun Aikin Kwastoma Kiya: Abin Da Suka Tambaye Ni Da Abin Da Na Tambaye Su

Waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, ga rubutun nan kamar yadda muka saba.

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai za ku ji. Dalili shi ne a satin nan saƙonni biyu suka shigo min a kan magana ɗaya. Wata 'yar uwa daga Zariya ta ce an kira ta intabiyun aikin kwastoma kiya ranar Litinin, tun da aka kira ta gabanta ke faɗuwa, me za ta je ta tarar? Wani ɗan uwa kuma ya turo min hoton wata talla da ke yawo a WhatsApp, yana tambaya gaskiya ce ko damfara. To ni na bi wannan layin tun daga farkonsa har ƙarshensa, har da inda aka cuce ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarin yadda yake.

Da farko, me ake nufi da aikin? Ka ɗauki wayarka ka danna 300. Tun 2023 da hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya, wannan lambar ce ke kai ka cibiyar amsa kira ta layinka, kowane layi ne. Na'ura za ta ce ka zaɓi harshe, ka danna nan ka danna can, daga ƙarshe wani ɗan Adam ya ɗaga ya gaishe ka. To wannan ɗan Adam ɗin, aikinsa muke magana a kai. Bankuna suna da su, kamfanonin wutar lantarki suna da su, masu POS da manhajojin tura kuɗi suna da su, haka masu sayar da kaya ta intanet.

Ni dai kimiyyar siyasa na karanta. Na gama bautar ƙasa na dawo gida da kwalina da babban buri. Shekara ta zagayo ina zaune. Da safe majalisa, da yamma taron ƙungiya, da daddare in hau Facebook in rubuta dogon sharhi a kan rashin aikin yi, alhali kuɗin datar da nake rubutun da ita yayata ce ta turo min. Wallahi abin yana ci min rai, sai dai ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A wannan halin na ci karo da talla irin wadda ɗan uwan nan ya turo min. Wai wani babban kamfanin waya yana neman masu amsa kira, albashi mai tsoka, ba a buƙatar gogewa, a tuntuɓi lamba kaza. Na tuntuɓa. Cikin minti biyar aka ce an zaɓe ni. Ko muryata ba su ji ba fa! Sai aka ce in tura naira 7,500 kuɗin fom da katin shaida. Asusun da aka turo sunan mutum ne a jiki, ba sunan kamfani ba. Na gani da idona, amma zuciya ta ce kada ka yi wa kanka baƙin ciki. Na tura. Washegari aka ce saura kuɗin gwajin lafiya. Da na ce sai na ga ofishinsu tukuna, shi ke nan, aka toshe ni.

Don haka ɗan uwa mai talla, ga amsarka. Duk wanda ya ce ka biya kafin ya ɗauke ka aiki, ka riƙe kuɗinka. Duk wanda ya ɗauke ka ba tare da ya gwada ka ba, ba shi da aikin da zai ba ka. Duk wanda ya nemi lambar BVN ɗinka ko lambar sirrin da banki ya turo maka tun ba ku haɗu ba, asusunka yake nema. Idan aka ambaci sunan kamfani, shiga shafin kamfanin da kanka ka duba ko da gaske suna ɗaukar ma'aikata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Bayan kamar wata biyu sai wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare ya turo min wata sanarwar, wannan karon a shafin wani kamfanin ɗaukar ma'aikata. Abin da ya tsayar da ni layi ɗaya ne: dole mai nema ya iya Turanci da Hausa sosai. Na yi dariya ni kaɗai. Ni da na cika CV da sunayen tarurruka da takardun shaidar bita, ban taɓa rubuta cewa ina jin Hausa ba, don ban ɗauke ta a matsayin abin da ake nema da kuɗi ba. Na gyara CV, na mayar da shi shafi ɗaya, na sa harsuna a sama. Na kuma rubuta cewa na yi wata shida ina tsare wa kawuna shagon POS. Da kunyar rubuta wannan nake ji. Ashe shi ne abin da za su fi tambaya ta a kai.

Kafin in tura sai da na yi shawara da Baba, don a majalisa an riga an fara tsokana ta, wai shekara huɗu a jami'a zan ƙare a “hello, hello”. Baba bai ja magana ba. Ya ce, “Halal ne?” Na ce eh. Ya ce, “To ka je. Amma kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.” Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Matakin farko ya zo min a bazata. Ina cikin adaidaita sahu wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, baƙuwar lamba ta shigo. Na ɗaga na ce, “Eh, wa ye?” Sai na ji muryar mace cikin natsuwa tana faɗin sunana cikakke da sunan kamfaninsu. Nan take na gane na yi ɓaranɓarama. Na ba ta haƙuri, na ce ina kan hanya akwai hayaniya, ko za ta ba ni minti biyar in sauka? Ta ce babu damuwa. Na sauka tun ban kai inda za ni ba, na shiga wani lungu na jira. Da ta sake kira, tambayoyin ba su da wuya: ka gabatar da kanka, me ya sa kake son aikin, za ka iya aikin dare? Amsar ba ta dame ta kamar muryar ba. Tana sauraren ko ana jin kalmominka, ko kana katse mutum, ko kana sauri kamar ana korarka. Saboda haka daga ranar da ka tura takardar neman irin wannan aikin, duk baƙuwar lambar da ta shigo ka ɗaga ta da sallama da ladabi.

Mataki na biyu jarrabawa ce a kwamfuta, a ofishinsu. Mun cika ɗaki, wasu har da digiri na biyu. Akwai Turanci, a ba ka ɗan rubutu ka karanta ka amsa tambayoyi. Akwai lissafi mai sauƙi irin na kasuwa: mutum ya sa katin kaza, an cire kaza, nawa ya rage. Sai gwajin buga rubutu. Nan ne na ji jiki. Mu 'yan zamani a waya muke da sauri, da manyan yatsu biyu. A kan allon kwamfuta kuwa sai ka ga mai digiri yana farautar harafi da yatsa ɗaya. Suna auna kalma nawa kake bugawa a minti ɗaya da kuma yawan kuskurenka, domin a bakin aiki kana sauraro ne kana rubuta ƙorafin mutum a lokaci guda. Abin da ya cece ni, abokin nan nawa ya gargaɗe ni tun da wuri, na yi kwana goma ina zuwa shagon kwamfuta na unguwarmu ina gwaji a shafukan koyon buga rubutu na kyauta. Da ƙyar na haye.

Mataki na uku shi ne wanda na shiga da girman kai na fito da sanyin jiki: gwajin Hausa. Na ce ni da aka haifa a cikinta, me za a gwada? Wani bawan Allah mai furfura ya ce, “Ka ɗauka ni tsohuwa ce daga ƙauye, ban yi boko ba. Datar da jikana ya sa min ta ƙare, kuma ana ta cire min kuɗi duk sati. Yi min bayani.” Na buɗe baki sai ga ingausa tana zuba: “Mama, data ɗinki ce ta yi expire, kuma kina kan auto renewal.” Ya kalle ni ya ce, “Ɗan nan, ban ji ko ɗaya ba.” Sai da na tsaya na sake lale. Na ce, “Mama, abin da aka saya miki yana da wa'adi na kwana bakwai. In wa'adin ya cika, sai a sake saya miki da kansa daga kuɗin da ke cikin wayarki. In kina so, yanzu zan nuna miki yadda za a tsayar da shi.” Ya gyaɗa kai. Sai ya ce, “To jaka biyar na sa, nawa ke nan?” Allah ya taimake ni na zauna a shagon POS, na san jaka ɗaya a bakin dattawanmu naira 200 ce, na ce dubu ɗaya. Ya ce da yawa a nan suke faɗuwa.

Ya kuma ja hankalina cewa masu kira ba duka Hausar unguwarku suke yi ba. Basakkwace zai kira, Bakatsine zai kira, Bafulatani da Babarbare za su kira, ɗan Filato da ɗan kudancin Kaduna za su kira da tasu Hausar. Ba ka da ikon yi wa kowa dariya ko gyara masa magana. Naka shi ne ka gane shi, shi ma ya gane ka.

Mataki na huɗu wasan kwaikwayo ne. Mutum uku a bayan tebur. Ɗaya daga cikinsu, wata Hajiya, ta juya min baya da kujerarta don kada in ga fuskarta, kamar dai a waya. Kawai sai ta ɗaga murya: “Ku ɓarayi ne! Na sa kati da safe, ko kira ɗaya ban yi ba, kun kwashe! Allah ya isa!” Jama'a, kun san ni. A raina cewa na yi wallahi gaskiyarki Hajiya, ni ma sun yi min. Amma da baki sai na katse ta na ce, “Hajiya ki kwantar da hankalinki.” Kamar na zuba fetur a wuta. Ta ce, “Ni za ka ce wa in kwantar da hankali? Kuɗinka ne?”

Sai na yi shiru. Na bar ta ta zazzage duk abin da ke cikinta. Da ta numfasa na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri da wannan abin da ya faru. In na fahimce ki daidai, kin sa kati yau da safe, ba ki kira kowa ba, kuma kuɗin ya ragu. Haka ne?” Ta ce haka ne, muryar ta sauka. Na ce zan yi mata tambaya biyu don in tabbatar layin nata ne, sannan in duba abin da ya ci kuɗin. Ta ce, “Za ku dawo min da kuɗina ko ba za ku dawo ba?” Nan tarkon yake. In ka ce za a dawo, ka yi alƙawarin da ba a hannunka yake ba. In ka ce ba ka sani ba, ka kashe mata gwiwa. Na ce, “Ba zan yi miki alƙawari kafin in duba ba. Abin da zan yi yanzu shi ne in duba, in kuskure daga wajenmu ne in shigar da ƙorafinki in ba ki lambarsa, in kuma faɗa miki lokacin da za ki ji daga gare mu.”

Daga baya Hajiyar ta ce min abin da suke nema ke nan: wanda za a zaga bai rama ba, bai kuma yi ƙarya don a rabu lafiya ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A wannan aikin kai ne maratayin. Ba kai ka cire kuɗin ba, amma kai ne ka ɗaga waya.

Ina murna na tsallake, sai na gefenta ya karɓe. Shi da fara'a ya zo. “Ɗan uwa, layin matata ne, ni na saya mata, ni nake sa mata kati. Ɗan duba min lambobin da take kira da daddare. Tsakanina da kai ne.” Ya yi magiya, ya haɗa ni da Allah, har ya ce zai ga bayana da alheri. Na ce Alhaji ka yi haƙuri, ba ni da ikon ba wa kowa bayanan layin da ba nasa ba. Wannan ba tsarin kamfani kaɗai ba ne. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma kiran da kake amsawa ana naɗar sa. Akwai sashe guda da aikinsu shi ne su saurari kiran da ka amsa su ba ka maki. Ana kuma lissafa matsakaicin lokacin da kake ɗauka a kan kowane kira. Wato ana so ka yi haƙuri, ana kuma so ka yi sauri. Nauyin aikin ke nan, gara ka sani tun kafin ka shiga.

Suka rufe da tambayoyin lokaci. Cibiyar ba ta rufewa, aikin karɓa-karɓa ne. Za ka iya kwana a bakin aiki? In dutinka ya faɗo ranar Sallah fa? Na ce zan iya, amma ni ma na tambaya yaya ake yi da salla, musamman Juma'a. Suka yi min bayanin yadda ake tsara hutun. Ba wanda ya ɗaure fuska. Tsoron tambayar da nake ji, ni na saƙa shi a raina.

Bayan sati biyu aka kira ni in zo in karɓi takarda, in taho da garanto biyu da sakamakon gwajin lafiya. Nan maganar Baba ta dawo. Na buɗe takardar, sai na ga sunan da ke samanta ba sunan kamfanin da zan riƙa gaishe da mutane da shi ba ne. Abin da da yawanmu ba mu sani ba ke nan. Sau da yawa babban kamfanin ba shi yake ɗaukar masu amsa kira ba. Kwangila yake ba wa wani kamfani, shi kuma ya ɗauke ka. Bakinka yana faɗin sunan wancan, albashinka da korarka suna hannun wannan. Wannan tsarin ba damfara ba ne, amma in ba ka gane shi ba za ka yi ta jiran alawus da ƙarin girman da ba naka ba.

Mutanen da muka je tare suna ta sa hannu a tsaye. Ni na nemi kujera na zauna na karanta, na fito da biro na rubuta tambayoyina. Ga su, ku kwafa:

Wa ne ne ainihin wanda ya ɗauke ni, kuma kwantiragin na wata nawa ne? Adadin da aka rubuta, kafin a cire haraji da fansho ne ko shi ne zai shigo asusuna? Ana biyan fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Lokacin tirenin ana biya ko ba a biya? Awa nawa ne duti, kuma in an tashi da daddare akwai motar da ke mayar da mutane gida? Akwai inshorar lafiya? In zan bari, ko za a sallame ni, sanarwar kwana nawa ake bayarwa? Garanto ɗina, me ya hau kansa in wani abu ya faru?

Ku kuma riƙe abu biyu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, duk da dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Sannan dokar ƙwadago ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Kada kuma ka bar wa kowa takardunka na asali. Su gani su dawo maka da su, kwafi za su riƙe.

Tambayar tirenin ita ta fi yi min rana. Ashe a satuttukan koyon aiki kuɗin mota kawai za a ba mu, kuma akwai jarrabawa a ƙarshe, wanda ya faɗi ya tafi gida. Da na ji haka na zauna na yi lissafin kuɗin adaidaita zuwa da dawowa na wata guda, da na abincin rana, na cire daga albashin. Abin da ya rage ba yawa, amma ya fi hannu rabbana. Na ranci kuɗin wata ɗaya a wajen yayata na shiga da idona a buɗe. Wani da muka fara tare bai tambaya ba. Ya ajiye koyarwar da yake yi a wata makarantar kuɗi, yana zaton albashi zai fara daga ranar farko. Bai ci jarrabawar ƙarshe ba. Ya rasa nan, ya rasa can. Har yau in na tuna shi sai raina ya sosu, don da ya yi tambaya ɗaya da bai saki na hannunsa da wuri ba.

Na samu aikin, alhamdulillah. Ba zan ce muku daɗi ne zalla ba. Akwai ranar da za ka tashi kunnenka yana zafi saboda hedfon, an zagi iyayenka sau uku kafin azahar. Albashin irin wannan aiki ya kamata a ce ya fi haka, kuma wannan magana ce da za mu ci gaba da yi da babbar murya. Amma albashina na farko da shi na biya yayata bashinta, na kuma sayi data da kuɗina.

To 'yar uwa ta Zariya, ga naki na ranar Litinin. Daga yau zuwa Lahadi ki samu kwamfuta ki riƙa buga rubutu ko na rabin awa ne kullum. Ki zaunar da kakarki ko wata dattijuwa a gidanku, ki yi mata bayanin yadda ake duba kuɗin waya ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Ki sa ƙaninki ya yi miki masifa a waya ki gwada yin shiru har ya gama. Ki isa wurin da wuri. In aka zo maganar aikin dare, ki tambayi mota da tsaro kai tsaye, ki kuma yi maganar da mutanen gida tun yanzu. In suka ce kina da tambaya, kada ki ce babu. Ki fito da takardarki. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba ki sa'a, ki dawo ki ba mu labari.

Sauran jama'a, duk wanda ya taɓa yin wannan aikin ko yake kan yi, ya ajiye mana abin da aka tambaye shi a ƙasan wannan rubutu, don na baya su amfana. Wanda kuma aka taɓa damfara da tallar aiki, ya faɗi yadda aka yi, ba sai ya ambaci suna ba. Ku tura wa wanda kuka san yana nema.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya. Wassalamu alaikum.